Gubar Dalma a Jikin Mikiyoyin Amurka da Zargin da Ake wa Mafarauta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar kaka ta juya baya sanyi ya fara kankama a arewacin Amurka, asibitocin tsuntsayen daji sukan fara karɓar mikiyoyin da aka tsinto a ƙasa. Ba harbi a jikinsu, ba karaya, amma ba sa iya tashi. In an ɗebi jininsu an auna, sai a tarar da dalma. Mu nan mun san gubar dalma ta hanyar da ta fi ciwo, wato mutuwar yara a Zamfara. A Amurka kuwa, maganarta ta zama rigima tsakanin masu kare namun daji da masu bindigar farauta. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wace mikiya ake nufi?

Iri biyu ne. Ta farko ita ce mai farin kai da farar jela, wadda hotonta ke kan hatimin ƙasar Amurka tun 1782. Tana zama kusa da ruwa, kifi ne cimarta ta yau da gobe. Ta biyu ita ce mai launin ƙasa-ƙasa da gashin ƙeya ruwan zinare, wadda ta fi yawa a duwatsu da filayen yammacin ƙasar, tana kama zomo da kurege. In ko wacce ta buɗe fukafukai sukan kai mita biyu. Abin da ya haɗa su a wannan batu shi ne dukansu ba sa raina mushe, musamman in ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, abinci ya yi wuya.

Mikiya ba ta cin ƙarfe. Ta ina dalma ke shiga cikinta?

Sai an fara fahimtar abin da harsashi ke yi a jikin dabba. Harsashin da aka saba farautar barewa da shi nauyinsa kimanin giram goma ne, cikinsa dalma, an lulluɓe shi da siririn ɓawon tagulla. Yana fita daga bindiga da gudun da ya kai mita ɗari takwas a daƙiƙa ɗaya. Dalma ƙarfe ce mai laushi, ko da farce kana iya kartar ta. Don haka in harsashin ya daki nama da ƙashi, kansa yakan buɗe kamar laima, ya riƙa zubar da ɓurɓushi a duk inda ya ratsa. Wani yakan yi asarar kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. In aka ɗauki hoton gawar da na'urar da asibiti ke duba ƙashi, sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo barkatai kamar an watsa gero a baƙin zane. A dabba ɗaya akan ƙirga ɗaruruwa, mafi yawansu ido ba ya gani. A 2008 hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta yi gwaji da gawarwakin tumaki, ta samu ɓurɓushin ya yi nisan da ya kai santimita 45 daga hanyar da harsashi ya bi.

To, al'adar mafarauci a can ita ce, in ya kayar da barewa, nan take yake farke cikinta ya zubar da kayan ciki a dajin, don naman ya huce da wuri kuma ɗaukarsa ta yi sauƙi. Huhu da hanji da tumbi, sau da yawa har da hanta, duk a nan ake barinsu, tuli guda yana tururi a kan ƙanƙara. Ga shi kuwa ƙirji ake auna wa in za a yi harbi, wato daidai wurin da ɓurɓushin ya fi taruwa shi ne abin da aka bari. Hankaki ne kan fara sauka. Mikiya tana can sama tana lura da inda hankaki ya taru. Kafin rana ta faɗi an cinye.

A shekara ana kashe barewa mai farar jela kimanin miliyan 6 a Amurka. Ka ƙara da waɗanda aka harba suka gudu da rauni suka je suka mutu a inda mai harbin bai gano ba.

Ɗan ɓurɓushi ne zai kashe tsuntsu mai wannan girma?

Ƙwarai kuwa. Likitocin da ke duba su sukan ce guntun da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ya isa. Dalilin yana cikin tumbinta. Ruwan tumbin mikiya yana da tsananin tsami, shi ne ke ba ta damar narkar da ƙashin kifi da na zomo. Wannan baiwar ita ce ke zame mata ajali, domin yadda yake narkar da ƙashi haka yake narkar da dalma, ta bi jini. Jiki kuma ba ya bambance dalma da sinadarin kalsiyam, sai ya kai ta duk inda kalsiyam ke aiki: ƙwaƙwalwa, jijiyoyi, ƙashi. Tana hana jini haɗuwa yadda ya kamata, tana lalata ƙoda da hanta, tana tsayar da hanji.

Abin lura, harsashin da ya maƙale a tsokar tsuntsu ba ya yin wannan ɓarna sosai, tun da babu tsamin da zai narkar da shi. Haɗiya ce matsalar.

Yaya ake gane wadda ta kamu?

Za ka gan ta zaune a ƙasa, fukafukai sun saki kamar rigar da ta yi wa mutum yawa, kai ya sunkuya ko ya karkace. Faratan ƙafa sukan dunƙule ta kasa buɗe su, har ta riƙa zama a kan gwiwa. Kashinta ya koma kore shar, ya ɓata gashin jela. Numfashi da ƙyar, baki buɗe. Wata ta makance, wata ta riƙa jijjiga. Tsuntsun da a lafiyarsa ba ka isa ka matso shi da taku ɗari ba, sai ga shi ana rufa masa bargo a ɗauka ba gardama.

Waɗannan su ne waɗanda gubar ta yi wa yawa. Akwai kuma wadda ta ɗan taɓa, tana tashi amma ba kamar da ba. Ita ce za ta makara wajen kauce wa mota in tana cin mushe a bakin titi, ko ta yi karo da wayar lantarki. A takarda za a rubuta mota ce ta kashe ta. Cibiyar kula da tsuntsaye masu farauta ta Jami'ar Minesota ta daɗe tana cewa kusan tara cikin goma na mikiyoyin da ake kawo mata akwai dalma a jininsu, ko da wani abu daban ne ya kawo su.

Abin ya kai a ce annoba ce, ko dai 'yan tsiraru ne ake zuzutawa?

An daɗe ana cewa ai waɗanda aka kai asibiti ne kawai ake ƙirgawa, kuma marasa lafiya dama su ke zuwa asibiti. Wannan suka tana da tushe. Amsarta ta zo a watan Fabrairun 2022, lokacin da mujallar Science ta buga binciken da Vincent Slabe da Todd Katzner da abokan aikinsu suka yi. Sun auna mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38, tsakanin 2010 da 2018, har da masu lafiya da aka kama aka ɗebi jini aka sake su. A cikin waɗanda aka duba ƙashinsu, kusan rabi, wato kashi 46 zuwa 47 cikin ɗari, suna ɗauke da dalmar da ta nuna sun sha haɗuwa da ita a rayuwa. Manya sun fi ƙanana, domin jini yana wanke kansa cikin makonni amma ƙashi yana ajiya shekara da shekaru.

Masu binciken sun lissafa cewa gubar tana rage saurin ƙaruwar mai farin kai da kashi 3.8 cikin ɗari a shekara, ta ruwan zinare kuma da kashi 0.8.

To me ya sa aka ɗora laifin a kan mafarauta? Akwai hujja, ko zato ne?

Ruwa ba ya tsami banza. Hujjojin sun zo ta fuskoki daban-daban, kuma haɗuwarsu wuri ɗaya ita ce ƙarfinsu.

Akwai lokaci. Da a ce dalmar daga ƙasa take ko ruwa ko iska, da duk shekara abin zai zama daidai. Amma awon jini yana hawa ne daga Oktoba da Nuwamba, lokacin da ake buɗe farautar barewa, ya yi tsayi cikin hunturu, ya sauka da bazara. Sanyin ƙasar ma yana taimakawa, domin kayan cikin da ƙanƙara ta binne ba sa ruɓewa, in ta narke sai su sake fitowa kamar daga firji.

Akwai abin da ake gani a cikin tsuntsun. Sau da yawa hoto yana nuna guntayen ƙarfe a tumbinsa, in an fito da su a tarar da dalma haɗe da tagullar ɓawon harsashi, wani lokaci har da gashin barewa.

Akwai kuma abin da za a kira shaidar asali. Dalmar da aka haƙo a wurare daban-daban tana da ɗan bambancin da na'ura ke iya ganewa, kamar yadda ɗan kasuwar hatsi ke bambance geron wani yanki da na wani. Myra Finkelstein ta Jami'ar Kalifoniya ta yi amfani da wannan dabara a kan wata babbar ungulu ta jihar da ake kira kwando, ta wallafa a 2012 cewa dalmar jinin yawancinsu ta yi daidai da ta harsasai. Wannan ungulu ta taɓa raguwa zuwa guda 22 kacal a duniya a 1982, kuma har gobe dalma ce kan gaba wajen kashe waɗanda aka sake a daji.

Wadda ta fi gamsar da ni ita ce gwaji. A yankin Jackson Hole na jihar Wayomin, masu bincike sun raba wa mafarauta harsasan tagulla, sannan suka ci gaba da auna jinin mikiyoyi da hankaki. Gwargwadon yadda masu amfani da tagulla suka ƙaru, haka dalmar jinin tsuntsayen ta ragu. In ka cire abu ciwo ya lafa, ka mayar ya dawo, ba ka bukatar boka.

Ba na ji an ce an hana harsashin dalma tun 1991 ba?

An hana, amma ga farautar agwagin ruwa da dinya kaɗai. Ita bindigar tsuntsu ba harsashi ɗaya take fitarwa ba, tsaba take watsawa, ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi. Mafi yawa suna faɗawa cikin fadama, agwagi su tsince su a zaton tsakuwar da suke haɗiya don niƙa a ƙundu. Tun 1959 wani masani mai suna Frank Bellrose ya nuna irin asarar da hakan ke yi. Mikiya kuma tana cin agwagwar da ta galabaita, don haka aka ɗauka ita ce hanyar. Gwamnatin tarayya ta hana tsabar dalma a wannan farauta a faɗin ƙasa daga 1991, Kanada ta bi sahu a 1999.

Agwagi sun amfana sosai. Amma da likitocin Minesota suka duba bayanansu daga 1980 zuwa 1995, sai suka ga yawan mikiyoyin da ke zuwa da dalma bai ragu ba bayan dokar. Wannan ne ya sa aka waiwaya aka dubi barewa. An toshe ƙofa ɗaya ashe babbar tana buɗe.

Babu wasu hanyoyi da dalma za ta iya shiga?

Akwai, kuma adalci ne a faɗe su.

Masunta suna ɗaura guntun dalma a fatsa don ta nitse, kamar yadda namu ke jera ta a bakin birgi. Kifi ya tsinke zare ya gudu da ita, mikiya ta kama kifin. Wannan yana faruwa, sai dai ya fi kashe tsuntsayen da ke nutso da masu kiwo a gindin ruwa. Shi ya sa Birtaniya ta hana ƙananan dalmar fatsa a 1987.

Akwai tsofaffin wuraren haƙar ma'adinai. A kwarin kogin Coeur d'Alene na jihar Aidaho, fiye da shekara ɗari na haƙar azurfa da dalma sun gurɓata lakar fadamu, kuma duk shekara tsuntsayen ruwa na mutuwa a wurin. Mai cin gawarsu zai samu rabonsa. Amma wannan matsalar yanki ce, ba za ta bayyana abin da ake gani a jihohi 38 ba.

Akwai tsohon fenti. A tsibirin Midway da ke tekun Pasifik 'ya'yan wasu tsuntsayen teku sun riƙa cin ɓawon fentin tsofaffin gine-ginen soja suna shanyewa, kuma an taɓa samun ungulun kwando da ta kamu ta hanyar fentin wata hasumiyar hangen gobara. Sai fetur mai dalma, wanda Amurka ta gama hana shi a motoci a 1996, ko da yake ƙananan jiragen sama suna ƙona shi har yanzu. Irin wannan yana barin ɗan kaɗan ne a ko'ina. Ba ya sa jinin tsuntsu ya yi tsalle cikin mako guda.

Duk waɗannan gaskiya ne, amma in aka ɗora su a sikeli, ɓangaren harsashi ne ke rinjaye da nisa.

Shin duk harsashin da mikiya ta haɗiya na mafarauci ne?

A'a, kuma a nan ne nake ganin ana yi musu kuɗin goro. Makiyayi yakan harbe saniyar da ta karye ya bar ta a fili. Ɗan sanda yakan ƙarasa barewar da mota ta buge a bakin hanya. Masu garke suna harbin karen daji mai yi musu ɓarna su bar gawar. Akwai ɓarayin daji masu harbi ba lasisi. Sannan a yammacin ƙasar akwai masu fita harbin kurege da wani ɗan dabba mai tona rami a makiyaya, wasu don kare gona wasu don nishaɗi kawai, mutum ɗaya ya kashe ɗaruruwa a yini, ba ya ɗaukar ko ɗaya. Harsashin da suke amfani da shi an ƙera shi ne don ya tarwatse. Wannan kuma da bazara ake yi, daidai lokacin da mikiya mai ruwan zinare ke ɗaukar nama tana kai wa 'ya'yanta a sheƙa.

Saboda haka in an ce "mafarauta", kalmar ta ɗauki waɗanda ba su kaɗai ba ne, ta kuma bar wasu a waje. Abin da ya haɗa su duka shi ne irin ƙarfen da ke cikin kwanso.

Su mafarautan me suke cewa?

Ba bakinsu ɗaya ba. Manyan ƙungiyoyi irin su NRA, mai kare haƙƙin mallakar bindiga, da NSSF ta masu ƙera makamai, suna cewa aikin hukuma shi ne kula da yawan jinsi, ba tsuntsu ɗaya-ɗaya ba, kuma yawan mikiya hawa yake yi. Suna cewa harsashin da ba na dalma ba ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba, don haka talaka ne zai bar farauta. Can ƙasan zuciya kuma akwai tsoron cewa yau harsashi ne, gobe bindigar ce za a ce a kawo.

Suna da wata magana mai nauyi. Tun 1937, ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson, ana cire haraji, wanda yanzu kashi 11 cikin ɗari ne, a kan bindigogin farauta da harsasai, a raba wa jihohi don kula da namun daji. Da kuɗin lasisinsu da wannan haraji aka farfaɗo da dabbobi da dama. Mutumin da yake ganin da aljihunsa aka raya dajin, in ɗan birni da bai taɓa kwana a cikinsa ba ya zo ya kira shi makashi, ba zai saurara ba.

Kuma babu wanda ya fita da niyyar cutar da mikiya. Harbinta ma laifi ne babba tun dokar 1940, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da mai ruwan zinare a 1962, tararsa tana iya kaiwa dala 100,000 da ɗaurin shekara guda. Wanda ya bar kayan ciki a daji yana ganin sadaka ya yi wa tsuntsaye, yadda ya ga mahaifinsa da kakansa suna yi. Da babu dalma a ciki, da sadakar ce kuwa, mai kyau ma, a lokacin da yunwa ta fi tsanani.

Amma ai gaskiyarsu ce, mikiyoyin ƙaruwa suke yi. Ina matsalar?

Ga mai farin kai, haka ne. A 1963 ma'aurata 417 kawai aka ƙirga a jihohi 48 na ƙasar, saboda maganin ƙwari na DDT da ke sa ɓawon ƙwansu ya yi laushi ya fashe. An hana shi a 1972, aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007, kuma ƙiyasin da hukumar kifi da namun daji ta fitar a 2021 ya kai guda 316,700. Babu mai cewa dalma za ta ƙarar da ita.

Sai dai garken da ke ƙaruwa duk da kura tana ɗauka, ba ya nufin kurar ba ta ɗauka. Wannan rarar da dalma ke cinyewa ita ce jarin da jinsi ke dogara da shi in wata masifa ta zo, kamar murar tsuntsaye da ta kashe mikiyoyi da yawa daga 2022. Ita kuwa mai ruwan zinare ba ta da wannan rara. Yawanta a Amurka dubun-dubata ne kawai, kuma a tsaye yake, ga wayoyin lantarki ga fankokin samar da wuta daga iska ga masu harbinta a ɓoye. Kashi 0.8 ƙaramin adadi ne a takarda, amma ga wanda ke tsaye a bakin rijiya, ɗan turi kaɗan ya isa.

Harsashin tagulla yana kisa kamar na dalma?

Yana yi. Kamfanin Barnes ya fito da nasa tun 1989, asali ma don ya fi ratsa manyan dabbobi, ba don tsuntsaye ba. Kansa yana buɗewa gida huɗu kamar fure amma ba ya farfashewa, yakan riƙe kusan duk nauyinsa, sau da yawa ya fita ta ɗaya gefen. Wanda ya koma kansa dole ya sake daidaita bindigarsa, domin tagulla ba ta kai dalma nauyi ba. Kuɗinsa ya fi na harsashi mai araha, amma bai yi nisa da na dalma mai daraja ba, kuma mai farautar barewa bai fi ya harba 'yan ƙwarori a shekara ba. Inda ƙorafin tsada da ƙarancin kaya ke da ƙarfi shi ne ƙananan bindigogi da tsofaffin da aka daina yayinsu.

Doka ce ta fi aiki ko lallashi?

An gwada duka biyun a jihohi biyu masu iyaka da juna. Kalifoniya ta bi doka: ta hana dalma a yankin ungulun kwando daga 2008, sannan a duk farauta a faɗin jihar daga 1 ga Yulin 2019. Arizona ta bi lallashi. Tun 2005 take ba mafarautan tudun Kaibab harsashin tagulla kyauta, wanda kuma ya nace sai dalma, a roƙe shi ya kwaso kayan cikin a buhu ya fito da su, a sa sunansa a cikin masu cin kyauta. Fiye da kashi 80 cikin ɗari sukan ba da haɗin kai.

Kowace tana da raminta. Doka a daji sai an ga dama, ba jami'in da zai bi kowane mutum ya buɗe kwansonsa. Lallashi kuma, ko mutum tara sun bi, tulin na goman ya isa ya kashe duk tsuntsun da ya sauka a kansa, tun da taron dangi suke yi wa abinci.

A matakin tarayya abin ya koma wasan siyasa. A ranar ƙarshe ta mulkin Obama, cikin Janairun 2017, shugaban hukumar namun daji Dan Ashe ya ba da umarnin a daina amfani da dalma sannu a hankali a filayen hukumar. Ranar farko da Ryan Zinke ya kama aiki a matsayin sakataren harkokin cikin gida na Trump, a watan Maris, ya soke shi. A ganina wannan umarni na bankwana ya fi ɓata lamarin fiye da gyara, domin ya tabbatar wa mafarauta zarginsu cewa ba da su ake shawara ba. Ƙawancen da gidan namun daji na Oregon da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Peregrine Fund suka kafa da wasu ya ɗauki wata hanya: mafarauci ne ke yi wa ɗan'uwansa magana. Sukan jera jarkokin ruwa a filin gwaji, a harba na dalma a harba na tagulla, a tace ruwan a nuna wa kowa abin da ya rage a tafin hannu. Gani ya kori ji.

Ana iya warkar da wadda ta kamu?

In an same ta da wuri. Akan wanke tumbi a fitar da guntayen, sannan a riƙa yi mata allurar wani magani mai kama dalma a jini ya fitar da ita ta ƙoda, kwanaki a jere, a huta, a sake. Akan ɗura mata abinci ta roba. Awon da ya haura maikirogiram 60 a desilitar jini ana ɗaukarsa guba sosai, kuma akan kawo waɗanda na'urar ma ta kasa karanta nasu. Waɗanda gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ko ido ba sa komawa daji, akasari allurar hutu ake yi musu.

Mutanen da ke cin naman barewar fa?

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2008 wani likita a Dakota ta Arewa, William Cornatzer, wanda shi kansa mafarauci ne, ya ɗauki hoton ƙullin niƙaƙƙen naman barewa da aka ba da sadaka ga rumbunan ciyar da mabukata, ya tarar da ƙarfe a fiye da rabinsu. Jihar ta sa aka janye naman. Niƙaƙƙe ya fi haɗari domin injin yana gauraya ɓurɓushin ko'ina. Shawarar da hukumomin lafiya na can ke bayarwa ita ce mai ciki da yaro ƙasa da shekara shida su guji naman da aka harba da dalma. Mafarauta da yawa da suka canza harsashi, tukunyar gidansu ce ta sa su, ba mikiya ba.

A Amurka kaɗai ake wannan?

A'a. A tsibirin Hokkaido na Japan, wata ƙatuwar mikiyar teku mai rawayan baki da ke zuwa daga Rasha ta riƙa mutuwa a shekarun 1990 saboda cin ragowar barewa, har aka hana harsashin dalma a farautar barewa a 2000, likitan dabbobi Keisuke Saito yana cikin waɗanda suka tsaya a kai. A Jamus dalma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mikiya mai farar jela. Denmak ta hana tsabar dalma gaba ɗaya tun 1996, ta ƙara da harsashin manyan bindigogi a 2024, kuma farauta ba ta mutu a ƙasar ba. Tarayyar Turai ta hana tsabar a fadamu daga Fabrairun 2023. A Afirka ma, wani bincike a Botswana da aka wallafa a 2018 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ungulayen da aka auna da dalma mai yawa a jini, kuma abin ya fi tsanani a lokacin farauta da wuraren da ake yinta.

Mu da ke nan, me ya shafe mu?

Mahaucinmu da maharbinmu ba sa barin kayan ciki a daji, a wurinmu su ne ma daɗin naman. Wato abin da mikiyar Amurka ke haɗiya, a nan cikin farfesu zai ƙare. Kwanson bindigar tsuntsu da ake sayarwa a kasuwanninmu tsabar dalma ce a ciki, kuma duk wanda ya taɓa cin zabon daji ko agwagwar ruwa da aka harbo ya san yadda haƙori ke karo da ita. Tofar da wadda ka ji a baki ba ta fitar da wadda ta riga ta narke a miya mai tsami. A yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi a zubar inda kaji da karnuka ba za su kai ba, kada a ba yara ƙanana da masu juna biyu.

Ɓacewar ungulu daga mahautanmu kuwa tana da nata dalilan, guba da ake sa wa mushe da cinikin sassan jikinta don magani su ne kan gaba.

Akwai dai wani abu daga 2010 da ya kamata a tuna. Kafin yara fiye da 400 su mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinare mai dalma a tsakar gida, mutanen yankin sun lura agwaginsu suna ɓacewa. Daga baya, da jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka iso suna tambaya, sannan aka ba su labarin agwagin. Maganin da aka riƙa ba yaran don fitar da dalmar, wanda ake kira DMSA, yana cikin waɗanda likitocin dabbobi ke ba mikiyoyin can.